Shekarar da Yaya Sale Ya Sa wa Barde Zarto

Na san abin da ake faɗa maku a Kurfi. An ce ubanku ya yanke zumunci da wansa uwa ɗaya uba ɗaya saboda 'yar tsana. Ke Maryam kin ji shi a gidan biki, kai ma Abdullahi ka ji shi a bakin 'ya'yan baffanka, kuma dukanku kun yi shiru, shirun da ya nuna mani kun yarda da rabin maganar. Na daɗe ina haɗiyewa. Yanzu da idona ya fara gajiya, ba zan bari a binne ni da wannan kalma ba. Barde ba 'yar tsana ba ne, kuma ba ni na fara ba.

Kun taso kun same ni a shagona na bakin kasuwar Dutsin-Ma ina gyaran agogo da rediyo, daga baya waya ta zo na koma kanta. Abin da ba ku sani ba shi ne, tun ina saurayi ƙarƙashin teburin nan cike yake da littattafan soyayya na kasuwa, masu siririn bango, waɗanda ake haya a karanta a maido. A cikinsu na koyi rubuta wasiƙa, da su kuma na nemi uwarku. Na yi wa Dije, uwar taku, alkawarin lambu mai furanni da tafki mai sanyi, irin inda masoya ke zama a littafi. Ta karanta, ta aiko mani da amsa layi ɗaya, cewa ita dai a fara gyara rufin ɗaki. Haka take. Ni mai mafarki, ita mai hannu. Duk amaryar da aka yi a unguwarmu ita ke mata lalle, kuma ba ta taɓa maimaita zane ɗaya ga mutum biyu ba.

Bayan an buɗe jami'a, wata rana wani malami, Dakta Kabiru, ya shigo shagona da wani abu naɗe a hankici. Ƙaramar tankar yaƙi ce kamar tafin hannu biyu, bakin bindigarta ya karye, gam ya ƙi riƙewa. Ya ce sunan abin da aka yi ta da shi rezin, wani irin ƙaro ne na masana'anta da ake zubawa yana ruwa ya daskare ya yi tauri. A ƙasar da ya yi karatu manyan mutane masu furfura ke harhaɗa irinsu, su yi masu fenti, su jera a tebur su yi wasan dabarun yaƙi. Na huda ɓangarorin biyu da abin huda agogo, na zura guntuwar waya a tsakani, sannan na sa gam. Ya jujjuya ta, ya dube ni.

"Malam Isuhu, wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa, Dakta. Ai abu mai nauyi sai da ƙashi a ciki."

"To ran Asabar ka zo gidana. Ka zo da idon nan naka."

Na je na tarar da tebur ya cika falo, an yi tuddai da kangayen gidaje na kwali, mutum huɗu na tsaye kansa da tef ɗin awo irin na tela da ƙwayoyin lido. Ba caca ba ce, ba a sa komai a kai, sai dabara da ja-in-ja da shayi. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina karanta labarin jarumai a takarda, ran nan na ga labari a tsaye, ana iya taɓa shi. Na dawo gida da kwali guda na irin kayan wasan. Dije ta leƙa ta ce wannan kuma wane sabon littafi ne. Ba a yi wata biyu ba ita ke riƙe da buroshin fenti.

Aikin nan ba na gaggawa ba ne. Guntayen suna zuwa da maiƙo a jikinsu, sai an wanke kowanne da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin goge baki, in ba haka ba fenti ya zame. Wanda ya lanƙwashe a hanya a tsoma shi a ruwan zafi a miƙar, a jefa a ruwan randa ya tsaya. In za a goge da sanfefa sai an jiƙa, don ƙurarsa illa ce ga ƙirji. Zafin bazara kuwa yana iya sunkuyar da bakin bindiga kamar wuyan tsohuwa, shi ya sa muka ba su ɗakin ƙasan nan na kusa da randa, mafi sanyi a gidan. Ni wanki da huda da haɗawa, uwarku fenti. Takan sirka kala a murfin kwalba, ta zana layi sirirai da ni ko da gilashin agogo sai na yi da gaske nake ganinsu.

Ku lura da wannan da kyau, don a nan ne Kurfi ke yi mani ƙarya. Ba mu bar komai ya zauna a gida ba sai da muka tambaya. Dije ce ta ce a kira liman, Malam Audu, Allah ya jiƙansa. Ya zauna a tabarma ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fa?"

"Tanka ce, Allah gafarta Malam."

"Mota ce ke nan. Ajiye. Waɗannan masu fuska da hannuwa fa?"

"Sojojin ƙasa ne."

"Su dai ka mayar wa mai su. Abin da bai kwaikwayi mai rai ba, ka yi ta tarawa har ɗakin ya cika."

Na mayar. Tun daga ranar rundunata ba ta taɓa samun soja ko ɗaya ba, sai tankoki da manyan bindigogi da motoci. Wanda ya san wasan ya san ma'anar haka: a dokarsa sojan ƙasa ne ke riƙe wuri, mota sai dai ta yi harbi. Don haka Asabar bayan Asabar ana cinye ni. Dakta har tausayina yake ji, ya ce in ari goma daga nasa. Na ƙi. Shekaru na yi ina shan kaye ana dariya, don kada abin da liman ya hana ya kwana a gidana. Wannan ne mutumin da aka ce yana ajiye gumaka.

Barde shi ne babbansu. Wani abokin Dakta ya kawo shi a akwatin tafiya, zuwa biyu, guntaye cike da kwali biyu. Injin yaƙi ne mai tafiya da ƙafa biyu, tsayinsa kamu ɗaya da rabi, bindiga a kowace kafaɗa, a gaba kuma ɗakin direba mai tagogi biyu. Dije ce ta raɗa masa suna. Shi ma sai da Malam Audu ya gan shi, ya buɗe ɗakin direban ya leƙa, ya yi dariya ya ce mota ce aka yi wa ƙafafu. Direbobi biyu da suka zo tare da shi, 'yan ƙanana kamar ɗan yatsa, na miƙa wa Dakta tun a ƙofar gida. Kujerunsu suka zauna babu kowa.

A shekarar ne ciwon ƙoda ya kama uwarku. Ta daina zuwa gidajen biki, ƙafafunta suka kumbura, zama kawai take iya yi. Kullum da hantsi nakan shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya kafin in fita, ta ce in miƙo mata ɗakin direban. Na ce mata ciki ba a gani, kowa liƙe shi yake yi da gam. Ta ce to ni kada in liƙe. Sai na binne ƙananan maganaɗisu a gefen rufin, yadda zai buɗu ya rufu. Wata uku tana aiki a cikin wurin da bai fi kofin shayi ba. A kujerar hagu ta zana lallen da aka yi mata ranar aurenmu, reshe da ganye, ba ta manta ko ɗigo ba. A ta dama ta zana aikin hular da ta fara ɗinka mani. Ranar da ta gama ta miƙo mani, tana haki.

"Baban Maryam, ga lambun nan naka. Tun da ka kasa, na yi mana."

"Babu tafki, Dije."

"Kai dai ba ka ƙoshi. Rufe, kada ƙura ta shiga."

Shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya yi a duniya. Bayan sati uku, da sassafe, ta cika. Kafin azahar mun kai ta.

Yaya Sale ya zo daga Kurfi da mota biyu, da matan gidansa da gwaggonninmu na Barkiya. Shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu, ɗan kasuwar hatsi, mutum mai sallah da kyauta, ba zan ci amanarsa ba. Amma mutum ne da bai taɓa tambayar kowa komai ba. A rana ta biyu mata suka yi yawa, aka ce a buɗe ɗakin kusa da randa su zauna. Ni ina waje a tabarma ina karɓar gaisuwa, kun san kuma mai makoki ba ya tashi yana zirga-zirga. Wajen hantsi na ji ƙarar zarto daga cikin gida. Wallahi na ji ta da kunnena. Na ɗauka benci ake gyarawa, ko ana rage itacen girki. Ina ta amsa "amin, amin," ana ta yankawa. Har yau in kafinta na aiki a layinmu, sai in tashi in bar wurin.

Sai bayan la'asar na shiga. Tankokin an tura su ƙarƙashin gado kamar tsofaffin takalma, wannan na iya jurewa. Barde kuwa yana tsaye a tsakar gida kusa da turmi, gabansa a guntule, farar ƙurar rezin ta bazu a ƙasa dab da inda ake tuƙa tuwon baƙi. Abin da nake jiƙawa kafin in goga don kada ya shiga ƙirjin Dije, shi aka yanka a bushe a kan abincin mutane. Na samu Yaya a zaure na ja shi gefe.

"Yaya, ina abin da ka yanke?"

"Na raba ka da shi. Baiwar Allah na kwance tana jiran rahama, kai kuma ka tsayar da gunki a ɗaki. Malamai sun ce in an cire kai shi ke nan, na cire."

"Ba kai ba ne, Yaya. Ɗakin direba ne."

"Da ido biyu?"

"Tagogi ne! Malam Audu ya gani da idonsa, ga shi can zaune, tambaye shi."

"Ni zan tambayi wani a kan gidan ƙanena? Isuhu, littattafan nan sun daɗe da ɓata maka kai. Je ka zauna, mutane na kallo."

Abin da ya fi ƙona mani rai ke nan. Liman na zaune taku goma daga inda yake. Ni ina taku ashirin. Da ya aiko an kira ni, da na ɗauke Barde na kai shago, ko in lulluɓe shi da zane, a yi makoki lafiya. Ko da ma ya ja rufin da ɗan yatsa, da ya buɗe ya gani. Bai yi ko ɗaya ba. Ya aika aka aro zarto a gidan maƙwabci, ya yi aikin da yake ganin lada ne, ya wanke hannu ya koma ya ci gaba da jan tasbaha. Da aka yi addu'ar uku ya shiga mota. Na kira shi a waya washegari na roƙe shi, roƙo irin wanda ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya ce ya wurga a hanya, bai ma san inda ba.

Kwana tara na yi ina bin hanyar Kurfi a kan babur, a lokacin da mutane ke gudun hanyar saboda ɓarayin daji. Ina tsayawa a kowane kwalbati, ina tona ciyawa da sanda, ina tambayar masu noma ko sun tsinci wani abu kamar kofi mai launin toka. Wasu suka ɗauka rasuwar ce ta taɓa ni. Wataƙila ta taɓa ni ɗin. A littattafan da na karanta, mai nema yakan samu a shafi na ƙarshe. Ni na dawo da ƙaya a ƙafa.

Yanzu sai abin da na yi, kuma ba zan ɓoye ba. Bayan shekara aka sa ranar aurenki, Maryam. A al'adarmu uba ba ya ba da ɗiyarsa da bakinsa, wansa ko ƙanensa ke zama waliyyi. Kowa ya san Yaya Sale ne. Shi ma ya sani, ya zo da sabuwar babbar riga ya zauna a sahun gaba a ƙofar masallaci. A shekarar nan kaf bai taɓa cewa "Isuhu, yi haƙuri" ba. Na jira har safiyar ranar. Na gaishe shi, ya amsa kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Da liman ya tambayi waliyyin amarya, Yaya ya gyara zama zai yi magana, sai na ji bakina ya riga shi.

"Ni ne, Allah gafarta Malam. Ubanta."

Yaya ya juyo ya dube ni.

"Isuhu, ina zaune?"

"Ni ma ina zaune ran nan, Yaya. Ba ka tambaye ni ba."

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya nufi mota. Kafin a raba goro motocin Kurfi sun juya, da gwaggonninki a ciki. Aka kai ki ɗakin miji babu mace ko ɗaya daga dangin ubanki, sai maƙwabta da ƙawayen uwarki. An ce kin yi kuka har muryarki ta dushe, dangin mijinki kuma suna tambaya a ɓoye ko wani abu ne da yarinyar. Wannan nauyi nawa ne. Ni aka yi wa laifi, ni na rama, amma ke kika biya, ke da ba ki riƙe zarto ba. A kan wannan kaɗai nake neman gafara, kuma a wurinki nake nema, ba a Kurfi ba. Shekara shida ban taka garin ba, su ma ba su tako ba. Aka yi haihuwa aka yi rasuwa kowa na ji a bakin direbobin tasha. Na daina zuwa wasan Asabar. Barde na tsaye a kusurwa da zane a kansa.

A shekara ta bakwai, wata ranar kasuwa, na ɗaga kai na ga Hajiya Kulu, matar Yaya, a ƙofar shago. Tun tana amarya muke wasa da ita irin na ƙanen miji, ko a ran nan ba ta fasa ba.

"Mijin littafi, har yanzu fushin ne? Furfura ta cika maka kai, zuciya kamar ta ɗan akuya."

"Hajiya, in waya kika kawo gyara, miƙo."

"Maganar yayanka na kawo. Ɓarin jikinsa ya shanye wata biyu ke nan. Ya hana a faɗa maka, ni kuma na gaji da taurin kanku. Tashi."

Na rufe shago. Na same shi kwance, ya rame, bakinsa ya karkace. Da ya gan ni ya nuna wa Hajiya akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gona. Ta ɗauko wata tsohuwar hula a dunƙule ta sa mani a cinya. Tun kafin in warware na san nauyin. Ga sawun zarto a ƙasa, karkatacce. Na ja rufin, maganaɗisun suka saki da 'yar ƙarar nan tasu. Fentin bai ko dushe ba.

"Da na iso gida ya faɗi a ƙasa, ya buɗe," in ji shi, kalma na fita da ƙyar. "Na leƙa. Ba kowa ciki. Kujeru ne."

"Tun ran nan?"

"Tun ran nan. Kulu ta gane lallen."

"Ka ce mani ka wurgar, Yaya. Kwana tara ina bin daji."

"Na ji."

"To mi ya hana ka maido mani?"

Ya juya fuskarsa bango.

"Da wane ido?"

Ku kuna tsammani a nan zan ce zuciyata ta yi sanyi. A littafi haka ake yi, a rungume juna a yi kuka. Ni kuwa wani sabon ɓacin rai ne ya taso mani, wanda ya fi na farko. Ashe ya sani. Ya san ba gunki ba ne tun kafin a yi sadakar bakwai. Ya san hannun wa ke ciki. Ya zo ɗaurin aurenki da sabuwar riga alhali abin na kulle a akwatinsa, ya bar garin Kurfi na kirana mai 'yar tsana shekara shida, duk don kada babba ya ce wa ƙarami "na yi kuskure." Na ce na yafe, don mara lafiya ne kuma wana ne, ban kuma yi ƙarya ba. Na yi ta zuwa duk Juma'a ina juya shi ina yi masa aski, har Allah ya karɓi abinsa. Amma yafiya daban, a sauya labari daban. Ya tafi bai gyara maganar a gaban mutane ba, shi ya sa nake gyara ta a takarda.

Na mayar wa Barde ɗakin direbansa. Huda uku, waya uku, aikin awa ɗaya. Dakta Kabiru ya ce in cike sawun zarton in shafa fenti, ba wanda zai gane. Na ƙi. Ba ni da hannun da zai hau kan fentin Dije, kuma ina so a gani.

Yana nan a ɗakin kusa da randa. Duk wanda ya faɗa hannunsa a cikinku, kada a bar shi a rana, kada a wanke shi da ruwan zafi. In wani ya shigo ya ce gunki ne, kada ku yi gardama, ku ce ya sa ɗan yatsa ya ja rufin. Kujerar hagu ta uwarku ce. Ta dama kuma kada a sa komai a kai, tawa ce, ina nan tafe.